Ya sa hannu a takardar gwajin magani, ƙodarsa ta taɓu: ko yana da haƙƙin diyya?

"Assalamu alaikum Malam. Bara ƙanena ya shiga gwajin wani sabon maganin hawan jini a wani asibiti. An karanta masa takarda ya sa hannu, kuma duk zuwan da ya yi ana ba shi kuɗin mota. Bayan wata uku ƙafafunsa suka fara kumbura, aka ce ƙodarsa ta taɓu, yanzu har ana maganar wankin ƙoda. Da muka je wurin masu binciken sai suka ce ai ya sa hannu, kuma dama mai hawan jini ƙoda kan ba shi matsala. A gida kuma kawunmu ya ce a bar wa Allah, wai karɓar kuɗi a kan ƙaddara rashin tawakkali ne. Shin a Musulunci da dokar zamani yana da wani haƙƙi? Idan yana da shi, nawa ne, kuma wa zai biya?"

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Magana biyu aka gaya muku, ɗaya a asibiti ɗaya a gida, kuma dukansu wuri guda suke tura ku: ku yi shiru. Ta gidan ba ta da wuyar warwarewa, don haka bari in fara da ita. A aya ta 92 ta Suratun Nisa'i Allah ya hukunta cewa wanda ya kashe mumini bisa kuskure zai miƙa diyya ga iyalansa, sai fa idan su suka yafe. Kisan kuskure ma ƙaddara ce, ba wanda yake tafiya kafin kwanansa ya ƙare, amma duk da haka aka ɗora diyya. Ka ga kenan imani da ƙaddara bai taɓa share haƙƙi ba. Yafiya alheri ce, sai dai mai haƙƙi ne ke yin ta. Ƙanenka baligi ne mai hankali, jikinsa ne ya samu rauni, saboda haka kawu na iya ba da shawara, amma ba zai yafe a madadinsa ba. A gaya masa haka cikin ladabi.

Maganar asibitin ce ke buƙatar zama, kuma ita ma kashi biyu ce: "ya sa hannu" da "dama ciwonsa ne". Ta farko magana ce ta hukunci, ta biyu kuwa magana ce ta hujja. Galibi a ta biyun ake kayar da mutane.

Jinya daban, bincike daban

Majinyaci yana zuwa wurin likita ne don kansa. Duk ƙwayar da aka rubuta masa, don ana kyautata zaton ita ta fi dacewa da shi ne. Wanda ya shiga bincike an ɗauke shi ne don a amsa tambayar da ba tasa ba: wannan sabon magani ya fi wanda ake da shi? Wace illa yake jawowa, kuma a mutum nawa cikin ɗari? A mafi yawan irin wannan gwaji kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a ta raba mutane gida biyu, kuma sau da yawa shi da likitan duk ba su san wanne yake sha ba. Yana iya amfana, yana iya rasa komai. Amma ko ya warke ko ya nakasa, masu binciken sun sami abin da suka zo nema, domin illar da ta same shi ma ilimi ce da za a rubuta a takardar gargaɗin da ke cikin kwalin maganin, ta tsare dubban mutanen da bai sani ba. Wannan bambancin shi ne tushen duk abin da zan faɗa.

Sannan kuɗi iri uku ne a harkar, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai kuɗin mota da na ɓata lokaci, wanda ake ba kowa ko ya ji ciwo ko bai ji ba. Akwai kuɗin jinyar raunin da binciken ya jawo. Akwai kuma diyyar abin da ya salwanta, wato gaɓa ko amfaninta, ko sana'a, ko rai. Wanda ya karɓi na farko bai karɓi komai daga sauran biyun ba.

Me sa hannu yake ɗaukewa?

Sa hannu izini ne. Amfaninsa shi ne ya fitar da mai bincike daga laifin taɓa jikin mutum ba da yardarsa ba. Bai mayar da jikin abin banza ba. A fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure, Muhtasar ya kawo cewa ko da mutum ya ce wa wani "in ka kashe ni na yafe maka", ya kuma kashe shi, ƙisasi bai faɗi ba, domin ya yafe haƙƙin da bai riga ya tabbata ba. Gaskiya ne a kan gaɓa hukuncin ya fi sassauci fiye da na rai, amma ko a nan sai a duba me aka ba da izini a kansa. Ƙanenka ya yarda ya sha magani a ƙarƙashin kulawa, bai ce a lalata masa ƙoda ya yafe ba. Kuma izini ba ya zama izini sai mai shi ya fahimci abin da yake amincewa da shi. Idan takardar da Turanci take shi kuma ba ya ji, ko an taƙaita masa shafi goma sha biyar a jimla biyu, ko an ɓoye masa cewa an ga alamar illar ƙoda a gwajin baya, to yardar ta samu tangarɗa tun daga tushe.

Ƙa'idojin zamani ma haka suka tafi. Hatta a Amurka, inda tsarin diyyar ya fi rauni kamar yadda za ka gani, dokar tarayya ta hana a saka wa takardar amincewa wata jimla da ke nuna mutum ya sarayar da haƙƙinsa na shari'a, ko ya wanke mai bincike daga sakaci. Ka koma ka karanta takardar da ya sa wa hannu. Kusan kowace irin wannan takarda tana da sakin layi a kan abin da zai faru idan mutum ya samu rauni, kuma sau da yawa a nan ne za ka tarar da alƙawarin da ake so ku manta.

Lamunin likita a fiƙihu, da inda ya tsaya

Asalin babin shi ne hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ne mai lamuni. Daga nan malamai suka fahimci kishiyarsa: ƙwararren da aka ba izini, ya yi aikinsa yadda masana ke yi, hannunsa bai kuskure ba, to ba ya ranko ko da majinyacin ya mutu. Idan kuwa hannunsa ya zarce, kamar wanzamin da ya yanke fiye da ƙima wajen kaciya, diyya ta hau, a matsayin kuskure. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maskat a 2004, ta jero wuraren da likita ke lamuni: ganganci, jahiltar fannin, aiki ba lasisi, aiki ba izinin majinyaci, yaudararsa, da kuskuren da sa'o'insa a aiki ba za su yi ba. A 2006 kuma, a Amman, ta fitar da matsaya ta musamman a kan bincike a jikin ɗan Adam.

Idan akwai ɗaya daga waɗannan a batun ƙanenka, magana ta ƙare. Misali, tsarin binciken ya ce a auna aikin ƙoda duk wata amma aka tsallake, ko awon ya nuna matsala aka ci gaba da ba shi maganin, ko tun farko ƙodarsa na da rauni bai cancanci shiga ba aka saka shi don a cika adadi. Wannan sakaci ne, kuma babu saɓani a kansa.

Wurin da ya fi wuya shi ne inda kowa ya yi aikinsa daidai, maganin ne kawai ya zo da illar da ba wanda ya hango. Nan ne wasu ke jawo ƙa'idar da ta ce abin da shari'a ta halatta ba ya jawo lamuni, su ce mai bincike ma likita ne, ya fita. A ganina wannan ƙiyasi bai zauna ba. An ɗauke wa likita lamuni ne saboda yana aiki don amfanin majinyacin, kuma da za a riƙa kama shi a kan duk wanda bai tashi ba, da ba wanda zai yarda ya taɓa mara lafiya. A bincike amfanin ya karkata wani wuri: kamfani zai sayar da magani, jami'a za ta samu tallafi da suna, jama'a za su samu ilimi. Malaman ƙa'idojin fiƙihu suna cewa asara tana bin riba, wato wanda ke kwasar amfanin abu shi ke ɗaukar nauyinsa. Bahaushe ya faɗe ta a taƙaice: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce lalura ba ta ɓata haƙƙin wani. Wanda yunwa ta kusa kashewa ya halatta ya ci abincin wani, amma a wurin mafi yawan malamai zai biya idan yana da hali. Buƙatar al'umma ga sabon magani ta halatta gwajin, ba ta mayar da wanda aka gwada a jikinsa zakaran gwajin dafi ba.

Malikiyya suna da wani misali da ya fi kusa, wato lamuntar da masu sana'a. A asali tela ko marini amintacce ne, kayan da suka ɓace a hannunsa ba ya biya sai an tabbatar da sakacinsa. Amma da aka ga mai kaya ba shi da hanyar sanin abin da ya faru a cikin shago, sai aka juya hukuncin don maslaha: mai sana'a zai biya sai in ya kawo shaidar cewa ba daga gare shi ba ne. An ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa ba abin da zai gyara mutane sai hakan. Wanda ya shiga bincike ya fi mai kai ɗinki rauni, domin fayil ɗin, da sakamakon awon, da sirrin wane magani ya sha, duk suna hannun wanda za a yi ƙararsa.

Dole in faɗa maka cewa wannan ijtihadi ne. Littattafan magabata ba su san gwajin magani irin na yau ba, kuma akwai malaman da za su ce in babu kuskure ba za a kira abin da aka bayar diyya ba, sai dai ihsani ko cika alƙawari. Shi ya sa hujjar da ta fi kowacce ƙarfi a aikace ita ce ta sharaɗi. Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawura, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Idan hukuma ta shar'anta cewa ba a yin bincike sai da tanadin jinya da diyya, mai bincike kuma ya karɓi izini a kan haka, to biyan ya zama wajibi a kansa ko da wane suna aka kira shi.

Yadda ƙasashe suka yi da matsalar

Hanya biyu ce a dokar zamani. Ta farko ita ce kotu, inda wanda ya ji rauni zai tabbatar da cewa wani ya yi sakaci kuma sakacin ne ya cutar da shi. Wannan hanya ba ta dace da bincike ba, saboda sabon magani yakan cutar ba tare da kowa ya yi laifi ba. Ta biyu ita ce biya ba tare da neman mai laifi ba: abin da za a duba kawai shi ne ko shiga binciken ne ya jawo raunin. Sanarwar Helsinki ta Ƙungiyar Likitoci ta Duniya, a gyaran da aka yi mata a 2013, ta ce wajibi ne a tabbatar da jinya da diyyar da ta dace ga wanda bincike ya cutar. Ƙa'idojin CIOMS, wato majalisar ƙungiyoyin kimiyyar likitanci ta duniya, na 2016 ma sun ware wa batun babi guda.

A aikace ƙasashe sun bambanta sosai. Amurka, duk da abin kunyar Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda yake cin jiki, har yau ba ta da dokar da ta tilasta biyan diyya ga kowa. Abin da doka ta wajabta shi ne a gaya maka ko akwai tanadi ko babu. Jamus ta wajabta inshorar da ba ta gaza yuro 500,000 ba ga kowane mutum da ya mutu ko ya nakasa har abada. A Ingila kamfanonin magani suna da tsarin biya ba sai an tabbatar da sakaci ba, amma abin da ya faru a Landan a 2006 ya nuna inshora ma tana da rami: samari shida masu lafiya aka yi wa allurar wani sabon magani, dukansu suka kwanta rai a hannun Allah, sai ga shi inshorar ta tsaya a fam miliyan 2 kacal, kamfanin kuma ya karye. Indiya ce ta fi kowa fitowa fili da lissafi. Tun daga 2013 ta kafa ma'auni: tushen diyyar rai rufi (kuɗin Indiya) 800,000, a ninka shi da wani adadi gwargwadon shekarun mamacin, a sake ninkawa da wani adadi tsakanin 0.5 da 4 gwargwadon lafiyar da yake da ita lokacin da ya shiga. Matashi mai cikakkiyar lafiya ya fi tsoho mai ciwon ajali samu.

A Najeriya kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na 2007 ya ɗora wa masu bincike da masu ɗaukar nauyinsa jinya da diyyar raunin da binciken ya jawo, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ba kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, NHREC, gindin zama a doka. Gwajin sabon magani kuma sai da izinin NAFDAC. Ƙa'idar tana nan a rubuce. Abin da ke ba da wahala shi ne ba a yanke adadi ba, saboda haka komai yana komawa ga abin da aka rubuta a takardar inshorar kowane bincike da kuma ƙarfin kwamitin ɗa'ar asibitin, wato wanda ke duba bincike ya amince da shi kafin a fara.

Ba sai mun je nesa ba wajen ganin abin da rashin shiri ke jawowa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano a kan yara kusan 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani sanannen maganin. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma sanƙarau ne ya yi ɓarnar, domin shi ma yana kisa yana kurmantarwa. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan gwajin DNA, domin waɗanda suka fito neman haƙƙi sun haura 500. Shekara 15 kenan, kuma mafi yawan rigimar a kan abu biyu ta tsaya: wa ya shiga gwajin, kuma me ya jawo raunin. Lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan na cikin abin da ake ambata a majalisu.

"Dama ciwonsa ne"

Wannan ita ce gardamar da za ku fuskanta, kuma ba ƙarya ce tsagwaronta ba: hawan jini yana lalata ƙoda. Sai dai yakan yi haka ne a hankali, cikin shekaru. Abin da masana ke dubawa a nan sananne ne. Na farko, awon da aka yi masa kafin ya fara shan maganin. Galibi gwajin magani yana auna jini da fitsari a ranar tantancewa, kuma a ciki akwai awon kiriyatinin, wanda ke nuna yadda ƙoda ke tacewa. Idan a ranar shiga lafiya lau yake, bayan wata uku ya ninka, to hawan jinin da ya yi shekaru da shi ba zai wadatar a matsayin bayani ba. Na biyu, me ya faru da aka dakatar da maganin, awon ya sauko ko ya ci gaba da hawa? Na uku, an ga irin wannan a wasu mahalarta ko a gwajin dabbobi? Na huɗu, me yake sha ban da shi? Nan ku ma sai kun faɗi gaskiya, domin magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da wasu jiƙe-jiƙe suna taɓa ƙoda, kuma ɓoye su cin amana ne, in an gano kuma ya rushe duk maganarku. Na biyar, a buɗe sirrin a ga wane ɓangare yake. Tsarin kowane bincike ya tanadi hanyar buɗewa idan lafiyar mutum ta buƙata.

Ma'aunin da ya dace shi ne rinjayen zato, ba yaƙini ba. Idan masana masu zaman kansu suka ce ya fi yiwuwa maganin ne, ya isa. Kuskuren da ake yawan gani shi ne a bar mai binciken shi kaɗai ya yanke wannan hukunci, alhali shi ne wanda abin zai shafa. Ku nemi kwamitin ɗa'a ya sa likitan ƙoda wanda ba ya cikin binciken ya duba fayil ɗin. Kwanciya asibiti ko nakasa babbar illa ce da ƙa'ida ta ce a kai rahotonta ga mai ɗaukar nauyi nan take, yawanci cikin awa 24. Ku tambaya ko an kai, da kwanan wata. In ba a kai ba, wannan kansa saɓa ƙa'ida ne.

Nawa ne, kuma wa zai biya?

Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. A lissafin dinari ɗaya giram 4.25, ya kama giram 4,250 na zinariya. Wasiƙar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu ta yanka na gaɓoɓi: ido ɗaya rabin diyya, hannu ɗaya rabi, kowane yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Gushewar ji gaba ɗaya ko hankali cikakkiyar diyya ce. Ba a ambaci ƙoda ba, amma da yawa daga malaman zamani suna ƙiyasta ta da gaɓoɓi masu tagwaye, wato ɗaya rabi, biyu cikakkiya. Idan aikinta ya ragu ne bai mutu ba, sai a koma ga abin da ake kira hukuma, wato kimantawar masana, wadda a yau likitoci ke yi da kaso cikin ɗari na nakasa.

Akwai hukunci guda a Risala da ya kamata ku riƙe da kyau: ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, wato sai an ga inda ya tsaya. Ƙoda tana iya farfaɗowa cikin watanni, tana kuma iya ƙarasa mutuwa. Wanda ya karɓi kuɗi yau ya sa hannu cewa ya rufe magana, gobe aka ce sai wanki sau biyu ko uku a mako har ƙarshen rayuwa, ya yi asarar da ba ta gyaruwa. Ku raba abin biyu: jinya a fara ɗaukar nauyinta yanzu, diyya a jira likita ya ce ciwon ya zauna.

Tsarin biyu suna da wuraren da suka rabu. Diyyar shari'a ba ta duban arziki, yatsan attajiri da na ɗan dako kuɗinsu ɗaya, kuma da yake da zinariya aka auna ta, faɗuwar naira ba ta cinye ta. Dokar zamani kuwa tana lissafa abin da mutum zai samu da bai nakasa ba, da kuɗin jinyar gaba, abin da diyya ƙayyadadda ba ta fayyace ba, har magabata suka yi saɓani a kan ko ana ƙara ladan likita a kanta. Haka kuma fiƙihun gargajiya ya bambanta adadin diyyar mace da na namiji, mazhabobi kuma sun saɓa a kan wanda ba Musulmi ba, alhali ƙa'idojin bincike ba su yarda da wannan bambanci ba. A aikace wannan ba ya zama cikas, domin abin da za a biya ta hanyar sharaɗi da sulhu yake zuwa, kuma sulhu ya halatta a kan abin da ɓangarorin suka yarda. Kwamitin da ya san aikinsa zai sa adadi ɗaya ga kowa, ya ɗauki diyyar shari'a a matsayin ma'aunin da zai nuna ko tayin da aka yi na mutunci ne ko na raini.

Game da mai biya, a kuskure shari'a ba ta barin nauyin a kan mutum ɗaya. A Malikiyya abin da ya kai sulusin diyya dangin mai laifi na wajen uba ne ke haɗawa, wato aƙila, cikakkiyar diyya kuma a cikin shekara uku ake biyanta. Da aka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahlu a Khaibara ba a tabbatar da wanda ya kashe shi ba, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya biya raƙuma 100 don kada jininsa ya tafi a banza. Majalisar Fiƙihu a zamanta na Dubai a 2005 ta ce a yau inshorar taimakekeniya, da ƙungiyoyin sana'a, da asusu na musamman na iya tsayawa a matsayin aƙila. A bincike, wanda ya fara hawa layi shi ne mai ɗaukar nauyi, ta hannun inshorarsa, sai asibitin idan sakacin ma'aikatansa ne. In wani ya ce maka inshorar kasuwa haram ce don haka kuɗin ma haram ne, amsar ita ce ƙanenka ba shi ya ƙulla wannan ciniki ba. Haƙƙinsa yake karɓa daga wanda ya hau kansa, ta kowace hanya wancan ya zaɓa ya biya.

Abin da za ku yi a wannan makon

Ku tattara kofin takardar amincewa, katin binciken mai lambarsa, kwalaye ko ragowar maganin, duk sakamakon awo, da rasit na kowane kwabo da kuka kashe. In ba a ba shi kofin takardar ba, haƙƙinsa ne, ku nema. A jikinta akwai sunan kwamitin ɗa'ar da ya amince da binciken da lambar wayarsa. Ku rubuta wa shugaban kwamitin wasiƙa, ba babban mai binciken kaɗai ba, ku kai da hannu a buga muku hatimin karɓa a kofinku. A ciki ku nemi abu huɗu a fili: a ɗauki nauyin jinya daga yau, a ba ku sakamakon awonsa tun daga ranar tantancewa, a sa likita mai zaman kansa ya duba alaƙar maganin da ciwon, a kuma gaya muku sunan kamfanin inshorar da iyakar abin da ta ɗauka. Idan aka yi makonni ba amsa, ku aika kofi ga NHREC da NAFDAC.

Ku ga lauya da wuri ko da ba ku da niyyar shiga kotu. Idan asibitin na gwamnati ne, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta taƙaita lokacin shigar da ƙara zuwa wata uku, tare da wasu togace-togace kamar cutarwar da ke ci gaba, kuma lauya ne zai duba ko ta shafe ku. Hukuncin ko maganin ne ya taɓa ƙodar sai wanda ya riƙe fayil ɗin a hannunsa, ba a yanke shi daga wasiƙa. In aka kai ga sulhu, a rubuta jinyar gaba a matsayin alƙawari mai ci gaba wanda ya haɗa da wankin ƙoda da dashe idan ta kai ga haka, kada a dunƙule ta cikin kuɗi guda, kuma kuɗin ya shiga asusun ƙanenka da sunansa.